Habila Ya Ba Fiyano Dawa

"Wai duk garin nan an rasa wanda za a aika duba fiyano sai Habila?"

Ta bayan zana Lai'atu ta ji wata mata tana tambaya, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe. Habila mijinta ne, mai sharar cocin Gidan Kanya. Su biyu ne a gida sai akuya ɗaya, maƙwabta kuma sun ce akuyar ce mai wayon gidan. Matan zumuntar coci sun sha noman gyaɗa don a saya wa mawaƙa fiyano. An ji labarin wani na hannu a shagon mai gwanjo a birni, ga shi kaka ce, kowa na gona. In Habila ya yabi ruɓaɓɓe aka saya, wahalar matan ta tafi a banza, Lai'atu kuwa da wace fuska za ta shiga coci?

Wata rana Malam Irmiya, shugaban mawaƙa, ya ce masa, "Ka je ka danna maɓallan duka, ka ji ko suna kuka." Habila ya je ya kwanta rub da ciki a kansu. Kajin layin suka watse. Ya dawo ya ce, "Malam, kuka kam sai ka toshe kunne."

Wata rana kuma aka ce kada ya nuna yana so, kar a tsauwala kuɗi. Ya shiga shagon da baya, ya tsaya yana kallon titi.

Mai gwanjo ya ce, "Bawan Allah, lafiya?"

"Ba na so."

"To me ya kawo ka?"

"So nake, an ce kar in nuna maka."

Wata rana ya ce, "Lai'atu, ke da kika yi firamare, yaya ake gane mai kyau?" Ita ko a kalanda kawai ta taɓa ganin fiyano, amma kunya ta hana ta faɗa. Ta ce, "Maigida, ai kamar sayen akuya ne." Har dawa ta ƙulle masa, don ita ba ta sayen akuyar da ba ta ga cinta ba. Habila ya je ya duba haƙora, ya shafa ƙafafu, ya nemi wutsiya ya rasa. Sai ya ɗaga murfin sama ya zuba dawar.

Washegari aka ɗauko mota za a biya a ɗauka. Habila ya leƙa cikin fiyanon, ya daka tsalle.

"Malam, yana ci! Ko ƙwaya bai bari ba. Har kashi ya yi!"

Malam Irmiya ya sa aka cire allon ƙasa. Ɓeraye suka yo waje, uwa da 'ya'ya. Sun cinye ulun da ke bugun wayoyin kiɗan, sun yi sheƙa da sauran. Motar ta koma ba kaya.

Ranar Lahadi matar nan ta bayan zana ce ta fara riƙe hannun Lai'atu. "Amarya, ashe mijinki tarko ya ɗana musu! Wa ya koya masa?"

Lai'atu ta kalli ƙasa. Ita da labari ya fara iske ta cewa fiyano ya cinye dawa, murna ta yi, har ta shiga tunanin rumbun wa za a riƙa ɗiba a ciyar da shi. Ta gyara ɗankwalinta, ta ƙudura ko akuyarta ba za ta ji wannan ba.