Tsutsar Malam

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da haƙoran nan duk sun zube, da abin da ya same ni a taron iyayen yara a Liba.

Lokacin ina koyar da kiwon lafiya a wata firamare a garin. Kullum daga Jega nake tasowa a kan babur, ina jin kaina ɗan birni. Ba abin da na raina kamar in ga mutum da asuwaki a baki. Yara kam sun sha wa'azi: buroshi da makilin, safe da dare. (Ni kuwa da safe kawai nake yi, shi ma shafa-shafa, in bi da shayin da sukarinsa ya isa a yi alewa.)

Ana nan sai wani haƙori can ciki ya yi kogo. Wayyo Allah! Ciwo har cikin ido. Na sa kanumfari, na sa gishiri, a banza. Asibiti kuwa tsoronsa nake ji, don ni ko allura na gani sai in nemi hanyar gudu. Wani direba a tasha ya ce in je kasuwar Aliero, akwai dattijon da ke fitar da tsutsar haƙori da hayaƙi. Na sani sarai babu wata tsutsa a haƙori, har a allo na rubuta haka, amma ciwo ya fi ƙarfin satifiket. Na zaɓi in je tunda a Aliero ba a san ni ba, na kuma ɗaura takunkumi (ban tuna cewa sai an cire shi ake buɗe baki ba).

Dattijon ya zaunar da ni bayan buhunan albasa. Ya watsa wasu baƙaƙen ƙwayoyi a garwashi, ya kifa mazurari a kai, ya ce in saita bakinsa daidai kogon. Na sha hayaƙi ina hawaye ina kiran sunan uwata. Da ya ɗauraye mazurarin a kwanon ruwa, sai ga wasu farare sirara suna yawo.

"Ka gan su?" in ji shi. "Su ka cin ka tun bara."

Abin mamaki, ciwon ya lafa. Na dawo gida na ja bakina na yi gum.

Ba a daɗe ba hedimasta ya ce in yi wa iyaye jawabi kan tsabtar baki. Na sha babbar riga, na zage, na manta da kaina. "Ku daina zuwa wurin masu hayaƙi! Jahilci ne! Irin albasa suke ƙonawa, ya fashe ya fid da fari, su ce muku tsutsa ce!"

Sai wani ya miƙe daga baya. Ina ganin fuskarsa na gane shi, dattijon mai hayaƙi ne. Ashe mutumin Liba ne, cin kasuwa kawai ke kai shi Aliero, jikansa ma a ajina yake.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Ya ƙarfin haƙori?" Ya laluba aljihu ya ɗaga wata 'yar kwalba, fararen abubuwan nan na yawo a ciki. "Ni ba ni gardama da mai ilimi. Amma jama'a, wagga ta Malam ta. Tun da nike aikin nan ban taɓa hidda masu ƙiba irin su ba."

Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "Baba, ai bincike na je yi."

"Bincike da kuka, Malam?"

Wuri ya kece da dariya. Hedimasta ya duƙa yana gyaran takalmin da ba abin da ya same shi. Kwalbar kuwa hannu zuwa hannu, kowa na son ya ga tsutsar ɗan birni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Haƙorin bai bar ni ba. Da kunci ya kumbura, dole na kai kaina asibiti a Jega. A gabana a layi akwai wata tsohuwa, nata kumburin ya kai har ya rufe mata ido, ga zazzaɓi. Likitan haƙori ya leƙa bakinta ya girgiza kai.

"Inna, me ya sa kika bari ya kai haka?"

"Hayaƙi nika yi, ɗana. Anka ce malamin makarantarmu ma can yat tahi, kuma ya warke." Ta waiwayo da ido ɗayan. "Yawwa, ga shi nan ma. Malam, kai ma sun dawo?"

Likita ya yi mini wani irin kallo, da ma zagina ya yi ya fi mini sauƙi. Nawa haƙorin an cire shi na hau babur na koma gida. Ita kwantar da ita aka yi, har da ƙarin ruwa.

Ranar na gane cewa mutanen Liba ba su riƙe ko kalma ɗaya daga jawabina ba. Inda na kai bakina suka gani, can suka kai nasu.