Yadda Za Ka Auna Kaɗaicin Mahaifinka Ba Tare da Ka Je Gida Ba

Kai da ka karanci ilimin halayyar ɗan'adam har ka fara sa tabarau ba ciwon ido, wannan darasi naka ne. Tun da mahaifiyarku ta rasu Baba yake zaune shi kaɗai, yayarka kuma ta hana ka sakat, wai kaɗaici zai kashe shi, ka je ka gan shi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka warkar da tsohon a kan takarda, ko takalmi ba ka sa ba.

1. Mayar da kaɗaici abin ƙirgawa

Kaɗaici ba ya hawa sikeli. Masana sun ce duk abin da ke ƙaruwa ko raguwa sai an ba shi ma'anar da za ta ƙirgu. To rubuta: kaɗaici shi ne yawan kiran da Baba yake yi maka a mako. Kada ka ce daɗewar da yake yi a bakin ƙofa yana kallon igiyar shanyar mahaifiyarku. Wannan sai an je ake gani, mota kuma ba da ruwa take tafiya ba.

2. Zaɓi ma'aunin da ba zai tayar da kai daga kujera ba

Akwai ma'aunin suna, mai raba mutane gida-gida: mai mata, marar mata. Wannan ka riga ka san amsarsa. Akwai na jeri, shi kuwa sai ka buga waya.

"Baba, kaɗaicin nan, kaɗan ne, matsakaici ne, ko mai yawa?"

Zai ce, "Lafiya lau nake. Kai dai ka ci abinci?"

Rubuta "kaɗan". Dattijo ba ya ƙarya, musamman in maganarsa ta rage maka aiki.

Akwai kuma mai daidaita tazara, wanda ya ce nisan biyu da uku shi ne nisan huɗu da biyar. Ka bar shi. Baba zai tsaya tambayar me uku ke nufi, hira ta yi tsawo.

3. Raba sila da sakamako

A kowane bincike akwai abin da kake juyawa da hannunka, akwai abin da kake zuba wa ido. Naka shi ne ɗaga waya, na Baba shi ne kira. Saboda haka daina ɗagawa.

Da farko kiran zai ƙaru. Kada ka tsorata, haka magani yake, sai ya tayar da ciwo. Kife wayar a kan tebur ka ci gaba da gyaran takardun ɗalibai. Sannu a hankali zai ragu, ka ga an fara samun sauƙi ke nan.

4. Kori masu gurɓata bincike

Babbarsu ita ce yayarka. Za ta zo har ofis, ko zama ba za ta yi ba.

"Kai wane irin ɗa ne? Jiya na same shi ya haɗa shayi kofi biyu, ya manta shi kaɗai ne."

Gyara tabarau ka ce, "Yaya, wannan labari ne, ba hujja ba. Ba a yanke hukunci da mutum ɗaya."

Za ta ce, "Ubanka nawa ne da za ka tara?"

Koma kan takardunka. Ba ta yi digiri ba.

5. Yi shelar nasara

Wata rana za ka duba ka ga mako ya wuce babu kira ko ɗaya. Wannan shi ne sarkin ma'auni, mai sifili na gaskiya, inda babu take nufin babu. Zana layin da ya gangaro har ƙasa, ka kai taron masana, a tafa maka.

Kana fitowa wayar za ta yi ƙara. Ba lambar Baba ba ce, don haka ba ta shiga lissafi, ɗaga abinka. Telan da ke haya a shagon ƙofar gidanku ne.

"Malam, tun shekaranjiya muka kai Baba asibiti. Shi ya hana a kira ka, ya ce kana da aiki, kada a dame ka. To ɗazu Allah Ya karɓi abinsa. Yanzu babu mai hanawa, ka taho."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba ya ɗaukar alhakin kuka, ko idon da yayarka za ta bi ka da shi a zaman makoki. Kada kuma a kawo mini ƙorafin ma'auni, don bai yi kuskure ba. Abin da ka ce ya auna shi ya auna.