Ranar da Gizona Ya Biyo Ni Umm Salal

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Fuseini ba, ko da na so in manta, don har gobe in na shiga taro sai in ga samarin Doha suna sunkuyar da kai suna danne dariya.

Bari in ɗan koma baya. Ina da shekara goma sha tara, ina koyon kanikanci a wani gareji a Fagge, aka turo wata ƙaramar bas da aka zane ta da furanni tun daga goshi har bayanta. Turawa biyar suka fito, maza da mata, ba ka bambance su ta baya saboda gashi, kuma ba mai takalmi a cikinsu. 'Yan hipi ake ce musu. Daga Turai suka keto hamada, wai sun gaji da yaƙi, sun gaji da ofis, sun gaji da iyayensu. Mako uku suka yi a garejinmu ana jiran kayan gyara, suna kwana a bayan mota suna cin ƙosai kamar ba gobe. (Abin da suke busawa kuwa ban taɓa sa shi a bakina ba, warin dai na sha.)

Akwai dogo a cikinsu, Pita, mutumin Holan, mai kiɗa jita. Ni na koya masa Hausa da cin tuwo da hannu, shi kuma ya cusa mini cewa duniya ta fi gareji faɗi. Da motar ta tashi na bi su har Agadas a matsayin bakanikensu, ban ko sallami mahaifina ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na watannin nan huɗu ba, kuma har yau ina kewarsu. Na dawo Kano da gizo kamar kwando, da wando mai faɗin ƙafa, da sarƙar tsakiya a wuya. Mahaifina ya dube ni sau ɗaya. Wanzami ya kira, aka kwashe gashin a ƙofar gida maƙwabta suna kallo.

Su ma abin nasu bai ɗore ba. A wasiƙun Pita na ji yadda aka watse: ɗaya ƙwaya ta kashe shi, biyu sun yi aure sun rabu, motar an sayar da ita a matsayin ƙarfe. Shi kansa Pita, wanda ya ce ofis kabari ne, ya yi aski ya ɗaura lakatayi, ya ƙare a wani ofis a hawa na talatin a West Bay, unguwar dogayen benaye ta Doha. Shi ya samo mini aikin kula da injinan wuta a nan Doha.

Ni ma na zama wani mutum. Gemu ya yi fari, hula ba ta barin kaina, kowa Baba Alhaji yake ce mini, kuma duk auren da aka ɗaura a cikin Hausawan nan ni ake kira in yi nasiha. Sai ga ɗana Kamal ya zo aiki, ya tara gashi ya murɗe shi, ya kuma sayo jita yana damun mu a gidanmu na Madinat Khalifa. Na ce masa ko ya aske kafin Asabar, ko ya nemi wurin zama. Kwana shida ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba, uwarsa tana ta kai kawo a tsakaninmu.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka yi walimar Fuseini, wani yaron kirki ɗan Zangon Kumasi, a wata gona a Umm Salal, can bayan garin Doha. Na gayyaci Pita saboda ya yi ritaya, a makon zai koma gida. (Gaskiya kuma ina so a ga ina da aboki Bature, ba sai na ɓoye muku ba.) Ya zo da sanƙonsa yana ƙyalli, da wani abu a naɗe a hammata, na ɗauka kyautar ango ce.

Aka miƙo mini makirufo. Maimakon in yi wa ango da amarya nasiha, sai na hango Kamal a can baya, na saki layi na kama gashi. Na ce samarin yanzu sun lalace, sun bar kai kamar sheƙar tsuntsu, sun rungumi kiɗa. Na ce a zamaninmu yaro bai isa ya wuce mako biyu bai je wurin wanzami ba, kuma ni tun tasowata ban san wani abu wai shi jita ba. Dattawa suna ta gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne kawai yake dariya har da tafi, shi ne Pita. Ashe shi ya ɗauka barkwanci nake yi.

Kun san al'adarmu, ba a barin baƙo ya tafi bai ce komai ba. Mai gabatarwa ya kai masa makirufo, ya miƙe da Hausarsa ta garejin Fagge wadda ba ta san Alhaji ba.

“Mai Gizo, har yanzu ka iya wasa,” in ji shi. “Zan tafi gida, ga tsarabarka.”

Ya warware abin nan. Hoto ne babba a cikin gilashi. Ga ni a kan rufin bas, ba riga, ba takalmi, gizo ya rufe rabin sama, fure a maƙale a kunnena, na rungume jita baki a buɗe ina rera waƙa.

Na kai hannu, amma na makara. Hoto a taron Hausawa ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowa sai ya riƙe ya duba ya miƙa wa na kusa. Ina tsaye ina kallo ya bi tabarmar dattawa, ya ratsa samari, ya tsallaka wajen mata. Can na ji wata tsohuwa 'yar Zango tana tambaya da gaske ko 'yar wace ce wannan kyakkyawar yarinya. Da aka gaya mata sai ta rangaɗa guɗa. Liman ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya dube ni ya dubi hoton, kallon da ya fi mini zafi a kan dariyar. Na yi ta gumi ina cewa ai ƙuruciya ce, ba wanda ya ji ni.

Daga ƙarshe hoton ya isa hannun Kamal. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo.

A hanyar komawa shi yake tuƙi, hoton yana kan cinyata a kife. Sai da muka kusa gida ya yi magana.

“Baba, wa ya aske maka?”

Na ce kakansa ne.

“Ka ji haushinsa?”

Na so in yi ƙarya, amma ƙaryar da na yi a ranar ta isa. Na gaya masa shekara biyu na yi ban zauna hira da mahaifina ba, kuma lokacin da na huce ya riga ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai a motar nan.

Ya ci gaba da tuƙi. Da muka zo daidai shagon askin unguwarmu sai ya sa sigina zai tsaya. Na riƙe hannunsa.

“Yalla, wuce gida,” na ce masa. “Khalas, zancen aski ya ƙare.”

Hoton yana rataye a falonmu yanzu, uwar Kamal ta hana a sauke. Na koyi cewa kafin dattijo ya ce “a zamaninmu”, ya fara duba ko akwai mai hoto a wurin. Game da gashi kuwa, na cire hulata na nuna wa Kamal abin da ya rage, na ce ya more nasa tun yana nan, don ba ya buƙatar wanzami, da kansa yake tafiya.