Takardar Da Ba Ta Da Wasali

"Lahiya lau, tsohuwa mai ran ƙarfe. Har yau ba ki bar muna ɗakin ba?"

Ladan ke nan, a zaurensu na Ƙofar Atiku cikin Sakkwato, yana tsokanar kakarsa Hajjo. Ta dogaro sanda, hannunta riƙe da takardar da wani falke ya kawo daga ribaɗi, sansanin bakin daga, inda Ƙasimu ƙanen Ladan ya bi runduna wata bakwai ba labari.

"Sai na ga bayanka, miji marar cefane. Shekara goma kana cin tuwona da sunan nahawu. Ungo, karanta."

Ya bi gaisuwar Larabcin har ƙasa. A layin ƙarshe ya ga haruffa uku, ƙaf, ta, lam, sai sunan Ƙasimu. Ya tsaya a nan, ya sake bin layin da yatsa.

"Wanga marubuci ya hi ki rowa. Ko wasali guda bai sa ba."

"Makaho ya rasa ido, ya ce ido na wari. Ka dai kasa."

"Saurara ki ƙaru. In an yi ma ƙaf fataha, ƙatala ke nan, ya kashe. In rufu'a ta, ƙutila. Shi aka kira majahuli, aikin da ba a ambaci mai yin shi ba."

"Awa mi?"

"Awa in ce an shanye furata. Kowa ya san ke ta, amma ba a hwaɗi ba."

"Ja'iri! To ƙutilan mi yaka nuhi?"

Ladan ya sake duban takardar. "An kashe."

"To ɗauki na farin. Ƙasimu namiji na, ba irinka ba da kaza ka kora."

Ya so ya bar ta a haka, bakinsa ya ƙi.

"In da shi yak kashe, Hajjo, da an rubuta wanda yak kashe. Bayan sunanshi babu komi."

Ta sulale ta zauna a dandaryar ƙasa, tana salati.

"Sake dubawa. Idonka awa na mujiya da rana."

"Sau ukku na duba."

Can ta yi wata busasshiyar dariya, hawaye na bin tamojin fuskarta. Ta kwance bakin zane ta miƙa masa goro.

"Kullum jahili nika ce maka. Yau da nis so in yi gaskiya, sai ga ka malami. Amshi, ka ci."

Ya karɓa, ya kasa ɓarewa.