Taku Dubu Biyar na Nomau

A unguwarmu ta Bakin Rijiya akwai wani bawan Allah da ake kira Nomau. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Nomau ba mugu ba ne, sai dai duk maganar da aka ba shi haka zai rungume ta, ba ƙari ba ragi. Matarsa Tabawa ce ke riƙe da gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli, 'ya'yansu duk sun yi aure sun watse. Mace ce mai jiki da kaifin baki, in ta zauna a ƙofar ɗaki tun safe, salla kaɗai ke tashinta. Jiri na yawan ɗibarta, kuma kowa ya san abin da take tsoro. Hawan jini ne ya shanye wa mahaifiyarta ɓarin jiki, ta shekara bakwai a kwance sai an juya ta.

Wata rana jirin ya kayar da Tabawa a bakin murhu, Nomau ya kai ta asibitin garinmu. Malama Hansatu mai duba marasa lafiya ta ɗaura mata abin awo a hannu, ta kalli allurar, ta girgiza kai. Ta ba ta magani, ta auna Nomau shi ma, sannan ta ce, "Magani kaɗai ba zai yi ba. Ku riƙa tafiya kullum, ku duka biyu, taku dubu biyar." Nomau ya ce, "In na rage fa?" Ta ce, "Kada ka rage." Ya ce, "In na ƙara fa?" Layi ya yi tsawo, Malama ta gaji, ta ce, "Baba, dubu biyar cif, shi ke nan!" Suna fita Tabawa ta yi tsaki, ta tsayar da ɗan acaɓa ta haye, ta ce tafiyar ƙasa ta marasa gata ce.

Wata rana Nomau ya fito da tsakuwa hamsin a aljihun dama, duk taku ɗari sai ya mayar da ɗaya aljihun hagu. Matsalarsa gaisuwa. Ka san mu, ba ma barin mutum ya wuce sai mun tambaye shi gajiya da iyali da ruwa. Da ya amsa sai lissafi ya ɓace, sai ya koma ƙofar gida ya faro daga ɗaya. Ran nan sau tara yana komawa. Daga nan ya daina amsawa. Sai ga Kawu Jatau, ƙanin mahaifin Tabawa, dattijon da ake durƙusa masa. Kawu ya ce, "A'a, Nomau, ina kwana?" Nomau ko takalmi bai cire ba, ya ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyu da shida." Kawu ya ce, "Ya mai jiki?" Nomau ya ce, "Da bakwai," ya wuce. Har yau Kawu bai sake taka gidan ba.

Wata rana, don gudun masu gaisuwa, ya koma zagaya tsakar gida yana ƙirga da ƙarfi. Kafin azahar ya cika dubu biyar, ya zauna daɓas inda ƙafarsa ta tsaya. Tabawa na banɗaki sai akuya ta shigo ta tsoma kai cikin tiren ƙuli-ƙuli. Tabawa ta ƙwala ihu, "Malam, kore ta mana!" Ya ce, "Na cika." Ta ce, "Ka cika me? Taku uku ne fa!" Ya ce, "Ukun nan ƙari ne." Da ihun ya yi yawa sai ya tuna Malama ba ta hana jan gindi ba, ya shiga jan jiki a ƙasa yana "kss, kss". Kafin ya isa, akuya ta ƙoshi har ta lashe tiren.

Wata rana Tabawa ta ƙule. Ta ce, "Zagayen nan naka shi ke ƙara min jiri. Fice min daga gida, ka miƙe hanya kawai!" Ai kuwa ya miƙe. Ya bi hanyar fadama, ya ƙetare gadar itace, ya cika dubu biyar daidai gindin wata tsamiya, ya zauna. Ya ba wata mai itace saƙo a gaya wa Tabawa ta zo ta ɗauke shi. Damina ce, hanyar duk taɓo, 'yan acaɓa suka ce ba da su ba. Mazan unguwa, masu tumbin da ko masallaci sai a kan babur suke zuwa, suka yi ta ƙyaƙyata dariya ba wanda ya motsa. Tabawa ta rantse sai dai ya kwana can. Da hadari ya haɗo sai tausayi ya kama ta, ta zo ta ari jakina. Ta hau, jakin ya durƙushe, ya ƙi tashi sai da ta sauka. Haka ta ja shi da ƙafa har tsamiya, ta ɗora mijinta, ta jawo su gida tana zagin su biyun, shi yana zaune a kai kamar ango.

Ta ce masa gobe ya yi rabi ya juyo. Ya ce, "Malama dubu biyar ta ce, ba ta ce rabi sau biyu ba." Ta ce to ya koma zagayen gida. Ya ce, "Yana sa ki jiri." Washegari ya tafi, jibi ma haka, kullum Tabawa na jan jakin da ƙafa ta ɗauko shi. Kai, jama'a! Wata biyu cur jakina bai ɗauko min taki ko mangala ɗaya ba, sai Nomau. Na ji haushi ƙwarai, amma ban iya hana ta ba.

Wata rana ranar komawa asibiti ta zo, ni na raka su don in kai ƙarar jakina. Malama Hansatu ta auna Tabawa, ta kwance abin awon, ta sake ɗaurawa. Ta ce, "Iya, jinin ya sauka sosai. Ban da maganin me kike yi?" Tabawa ta ce, "Kiwon jakai biyu." Na ba da labari kaf. Malama ta yi dariya har da hawaye, ta juya ga Nomau ta ce, "Haba Baba, ai ba laifi ba ne in ka dawo da..." Sai Tabawa ta cafke hannunta. Na ga idonta ya cika da ƙwalla, don wata guda ke nan jiri bai ɗebe ta ba, kuma ta daina mafarkin shimfiɗar mahaifiyarta. Ta san kanta sarai, ran da mutumin nan ya dawo da ƙafarsa, ran nan za ta koma zaman tabarma a ƙofar ɗaki. Ta sassauta murya ta ce, "Malama, don Allah ƙyale shi. Dubu biyar kika ce, a bar shi a dubu biyar."

Nomau ya gyara hula, ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Gobe ka ba jakin nan dusa da wuri."