Ranar da Na Sauya Layi a Gaban Uban Tafiya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na tura babur ɗina tafiyar kilomita shida a cikin rairayi, rana na dukan ƙeyata, ba don komai ba sai don in je in tsaya a layi a ƙirga ni kamar tunkiya a kasuwar Shuwarin. Ga wanda bai san ni ba, sunana Sale, faci nake yi a bakin titi a nan Limawa cikin Dutse, amma katin jam'iyyata na ƙauyenmu ne, can wajen hanyar Aujara. Sunan ƙauyen da na jam'iyyar kuwa ku bar ni da su, ina da iyali.

Shekara da shekaru, ɗan takarar kansilanmu a falo ɗaya ake haifarsa, wato falon Mai Girma Uban Tafiya, Inuwar Marayu, Katangar Talakawa, bawan Allahn da aka yi wa baiwar sanin abin da muke so tun kafin mu san muna sonsa. Daliget bakwai za su shiga, su ci kaza, su fito suna sakace, mu kuma mu ji sakamako a rediyo. Bana sai aka ce daga sama an ba da umarni a yi 'yar tinƙe: duk mai kati ya fito da ƙafarsa, ya tsaya a bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a bainar jama'a.

Uban Tafiya bai damu ba, don ya riga ya zaɓa mana. Ya kawo Zuhair, ɗan ƙanwar matarsa, matashi mai ladabi, mai ƙamshin turare. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ƙauyen. Da ya ga dawa ta yi tsayi a bakin hanya, sai ya yaba mana da ƙoƙarin noman rake. A wajen taro ya yi mana alkawarin intanet kyauta, muka yi tafi sosai, duk da cewa turakun wutar da aka kafa mana tun ina saurayi har yau ba su ga waya ba, sai dai a ɗaure jaki.

Ɗaya 'yar takarar ita ce Malama Mashkura, ungozomar da ta yi shekara ashirin da takwas a ɗan asibitin ƙauyen kafin ta yi ritaya. Ba ta da mota, ba ta da makaɗa. Da silifas da lema ta bi gida-gida, har rugagen Fulani na bayan fadama. Abu uku kawai take faɗa: za ta bi maganar kwalbatin da ke yanke mu da titi duk damina, za ta nemo wa asibiti ruwa, kuma duk wata za ta zauna a gindin tsamiyar kasuwa, duk mai tambaya ya zo ya yi mata ita ido da ido. Manya suka yi dariya, suka ce wannan ai ba siyasa ba ce, aikin gayya ne.

Ranar Alhamis maƙwabcina Uwaisu ya zo rumfata. Shi ne idon Uban Tafiya da kunnensa a tsakaninmu 'yan ƙauyen da ke zaune a Dutse. Ya ajiye mini leda mai taliya da sabulu da hula mai hoton Zuhair, ya ce Mai Girma yana gaishe ni da sunana, kuma sunan nawa yana cikin waɗanda za a ba taki idan damina ta faɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na karɓa, har na ƙara da addu'a. Ina da 'yar gona a ƙauye, kuma kun san yadda taki ya koma. Matata Indo ta dafa taliyar, na ci. Washegari ta ce za ta je ƙauye gaishe da dangi, na ce Allah Ya kiyaye hanya.

To, Asabar da hantsi na isa makarantar firamaren da aka sanar za a yi zaɓen, na tarar da ƙofa a kulle, ba kowa sai awaki. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ce ta gaya mini an mayar da taron sito na gonar Uban Tafiya, wai saboda dalilan tsaro. An tura saƙo ta waya da sassafe ga waɗanda suka cancanta. Ni da na ci taliya, na sa hula, ashe ban kai matsayin cancanta ba. Na juya babur na kama hanyar gonar. Man da na saya a kwalba a bakin hanya kuwa, Allah kaɗai Ya san da me aka haɗa shi, don ban yi nisa ba babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ina cikin turi ina haki sai na ji hayaniya a bayana. Mata ne, sun fi a ƙirga, wasu da goyo, wasu da buta, kowacce da katinta ƙulle a gefen mayafi. Bayansu amalanken shanu uku cike da tsofaffi, sai Ardo Bubayero da mutanensa na ruga, sanduna a kafaɗa, suna tafe ba gaggawa. Daga baya na ji yadda suka sami labari. Matan da aka ɗauka dafa shinkafar murnar nasara ne suka tsegunta, don tun da asuba aka ɗora tukwanen murnar zaɓen da ba a yi ba. Daga nan magana ta bi katanga-katanga, ta shiga kowane gida. A amalanke na biyu na hango Indo zaune daram. Ta dube ni, ta dubi hular kaina, ta ce, "Malam, sannu da aiki." Amalanken ya wuce.

Da na isa, na tarar an kafa rumfa da kujeru. Uban Tafiya na tsakiya cikin babbar riga mai aikin da ya fi rumfata tsada, Zuhair na gefensa yana danna waya. An kwaso mazaje a motoci biyu, har sun jeru, jami'in da aka turo daga ofishin jam'iyya ya ɗaga biro zai fara ƙirga, sai ga jama'a sun cika filin. Na ga biron ya koma aljihu a hankali.

Aka yi ƙus-ƙus a ƙarƙashin rumfa. Can sai jami'in ya ɗauki lasifika ya yi mana albishir cewa saboda haɗin kai da zaman lafiya, dattawa sun yi maslaha, Malama Mashkura ta janye wa ɗanta Zuhair. Malama tana tsaye a rana da lemarta, taku goma daga gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ni ce Mashkura. Ban janye ba, ba kuma wanda ya tambaye ni. Idan wata Mashkurar ce ta janye, a fito da ita mu gaisa."

Aka sake ƙus-ƙus. Sai aka ce rajistar 'yan jam'iyya an manto ta a Dutse, dole a ɗage zaɓe. Ardo Bubayero ya matso ya gaishe da Uban Tafiya cikin girmamawa, ya ce babu komai, su sun bar shanu a hannu nagari, za su jira a ɗauko ta ko zuwa gobe ne. Ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Tsofaffin mata suka zauna a ƙasa. 'Yan mata da samari suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoton duk wanda ya motsa. Awa uku muka yi a haka, aka yi azahar a filin, ba wanda ya tafi. Sai ga ikon Allah, aka gano rajistar a ƙarƙashin kujerar motar jami'in. Ashe tun safe tana nan tana hutawa.

Aka ɗaga hotuna biyu, aka ce kowa ya bi nasa. Ni dai na shiga layin Zuhair, na sunkuyar da kai. Uwaisu yana zagayawa da ɗan littafi yana rubuta sunayen waɗanda suka tsaya a ɗaya layin, yana yi yana ɗaga kai don kowa ya ga ana rubuta shi. Wannan ita ce fa'idar ƙato-bayan-ƙato a wajen manya: ba ka da labule, ba ka da akwati, fuskarka ce ƙuri'arka.

Layin Malama ya yi tsawo har ya lanƙwasa ta bayan sito, ya zo daf da namu. Indo ta faɗo saitina. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, Bilki na gaishe ka. Tana can baya."

Bilki 'yarmu ce ta fari, tana aure a ƙauyen. Daminar bara naƙuda ta kama ta ranar da ruwa ya sake cinye kwalbatin nan. Motar da aka kira ta tsaya a wancan ƙetaren, ba hanya. Malama Mashkura ce ta ratso ruwa har ƙirji, da jakarta a ka, ta ceto Bilki. Jaririn bai zo da rai ba. Ni na haƙa masa kabari da hannuna. Kwalbatin nan kuwa sau uku Uban Tafiya yana ƙaddamar da aikinsa. Sau uku ana yanka kirtani, ana zuba tifa ɗaya ta yashi, ana ɗaukar hoto, ruwa ya zo ya tafi da yashin. Kowane karo ina cikin masu tafi.

Na waiga na hango Bilki, ta rame, tana riƙe da katinta da hannu biyu. Ban san lokacin da na cire hular na cusa a aljihu ba. Tsakanin layin nan biyu bai fi taku takwas ba, amma ina jin idon Uban Tafiya a bayana. Uwaisu ya kira sunana sau ɗaya, a hankali, ya ce in tuna da taki. Na ce masa na tuna, ya rubuta. Ya kuwa rubuta. Da na tsaya a bayan wani tsoho mai sanda, sai na ga mutum shida ko bakwai daga layin da na baro sun biyo ni, kowa yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu.

Jami'in ya ƙirga layin Malama sau uku, ko Allah zai sa ya ragu. Bai ragu ba. Ɗari huɗu da goma sha biyu, Zuhair kuma ɗari da talatin da tara. Jami'in ya so ya naɗe takardar ya ce za a sanar a ofis, Ardo ya roƙe shi da girman Allah ya karanta a nan, tunda yawancinsu ba su da rediyo mai kyau. Ya karanta da murya irin ta mai ciwon haƙori, ya sa hannu a kan bonet ɗin mota, wayoyi sun fi hamsin a kansa. Uban Tafiya ya tuna yana da wani muhimmin taro. Shinkafar murna kuwa ba a bar ta ta lalace ba, mu muka taimaka.

Malama ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce kada kowa ya ɗauka an gama, babban zaɓe na gaba, kuma ko ta ci, ranar da suka ga ta fara kauce wa gindin tsamiya, su zo ƙofar gidanta da yawansu kamar yadda suka zo yau.

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan majalisar bakin titi, masu shayi da sharhi. Ku ne kullum kuke cewa an riga an rubuta, fita ɓata lokaci ne. Gaskiyarku, an rubuta ɗin, har an dafa shinkafa. Amma na gani da idona, abin da aka rubuta a falo tsofaffin mata sun goge shi da zaman awa uku a rana. Ba su zagi kowa ba, ba su jefi kowa ba, sun dai ƙi tafiya gida. Manyanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, ba sa tsoron zaginku a waya, sun saba, har barci yake sa su. Abin da ba su shirya masa ba shi ne mutum ya zo da ƙafarsa ya tsaya, ya ce a ƙirga shi. Ban ce Malama Mashkura mala'ika ba ce. Kujera ta sauya mutanen da suka fi ta tsawon gemu. Amma ko ba komai ta san waɗanda suka ɗora ta, ta kuma san sun san hanyar gidanta.

Ranar Litinin sunanta ya fito a allon jam'iyya, ba a sauya ko harafi ba. Da yamma na ji saƙon taya murna a rediyo daga Mai Girma Uban Tafiya, yana cewa Malama 'yarsa ce ta siyasa, shi ya daɗe da hango ta, abin da ya faru a gonarsa kuma gwaji ne ya shirya don ya auna ƙarfin dimokuraɗiyya. Uwaisu ma ya zo rumfata jiya, ya ce shi da ma zuciyarsa na wajen Malama, sunayen da ya rubuta kuwa don a san waɗanda za a yi wa godiya ne.

Daga Asabar zuwa yau, waɗanda suka rantse mini cewa a layin Malama suka tsaya sun haura ɗari shida. Na rasa ko mutum ɗaya da ya tsaya wa Zuhair. Ina roƙon malamai su taimaka da addu'a, don ga alama ɗari da talatin da taran nan da na tsaya a tsakiyarsu da rana tsaka, aljanu ne masu katin jam'iyya.