Ambulan Mai Tabon Miyar Kuka

Yaushe Malam ya yi niyyar gaya mini gaskiya? Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, kullum in na idar da sallah sai na yi kukana na yi wa kaina wannan tambaya, har yau ban samu amsa ba. Amma ranar da na gano cewa akwai ma wata gaskiyar da zai gaya mini, wannan kam ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, a bainar jama'a, a ƙasar mutane, ga surukata tsaye a gefena.

Ita ce ma take rubuta wannan, Maryam, matar autana Nasiru. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa tana rubutawa, na kuma ce kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri. Asiri ai ya riga ya tonu a unguwar Deira, can Dubai.

Malam ma'aikacin gidan waya ne a Kano. Shekarar da aka gama yaƙin basasa, aurenmu bai cika shekara ba, aka tura shi Kudu da abokan aikinsa su taimaka a sake buɗe gidajen wayar da yaƙi ya rufe. Ya dawo a rame, yana ba da labarin buhunan wasiƙun da suka tarar a jibge ba a raba ba, wasu masu su sun mutu, wasu gidan ma babu shi. Ya kuma dawo da wata sabuwar ɗabi'a, wato tara kan sarki. Ni ban damu ba. Wasu mazan caca suka koyo, nawa 'yan takardu ya koyo.

Sai wasiƙu suka fara zuwa masa ta jirgin sama. Ambulan marar nauyi, gefenta da ratsin ja da shuɗi, kan sarkin ba irin namu ba, da rubutun Larabci a jiki. Na tambaye shi daga ina, ya ce daga Dubai. A lokacin wa ya san wata Dubai? Ya ce can ne gaba da Makka. Ban tambaye shi daga wa ba. Mace mai aji ba ta tambaya, haka na gaya wa kaina, kuma ai hancina ya riga ya ba ni amsa. Kowace ambulan ƙamshi take, wani turare mai nauyi da ban taɓa ji ba ko a kasuwar Kurmi. Wane namiji ne zai zauna ya shafa wa takarda turare?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yake karɓarsu. Sai ya wanke hannu kamar zai ci tuwo, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗauko ɗan hantsaki da gilashin ƙara girma, ya duƙa yana murmushi shi kaɗai. (Ni da na haifa masa bakwai, bai taɓa duba ni da gilashi ba.) Wasu ambulan ɗin ma ba ya buɗe su sam. Sai ya juya su, ya kalla, ya jera a gwangwanin biskit a rufe yadda suka zo. Na ce lallai wannan mata ta kai, tunda ko takardarta ba a iya yagawa.

Wata rana ya fito da wata ambulan da ya zo da ita daga Kudu. Ya ce hatimin da ke kanta na ranar farko ne da suka sake buɗe gidan wayar wani gari bayan yaƙi, shi da kansa ya buga, babu irinta da yawa, Dubai zai aika da ita. Ya ajiye ta a tabarma ya tafi alwala. Ni kuwa ina ɗauke da kwanon miyar kuka. Shekara hamsin da wani abu ina cewa ludayi ne ya kuskure. Yau dai a rubuta, ludayi bai kuskure ba, saiti na yi. Malam ya dawo, ya dubi ambulan, ya dube ni. Ya shanya ta a rana, ya sa ta cikin wata, ya aika da ita haka.

Za ku ce me ya hana in ba wani ya karanta mini? Masu rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya duk abokan Malam ne. 'Ya'yana kuwa, in ce musu me? Zo ka karanta mini abin da wata ta rubuto wa ubanka? Na haɗiye abina, ya zauna mini a ƙirji.

Haka aka yi ta yi har shekarar da na haifi auta. Wata wasiƙa ta zo, Malam ya karanta a zaure, ya shigo idonsa ja. Kwana uku bai ci abincin kirki ba, daga nan ba a sake aiko komai ba. Na ce alhamdulillahi, ta yi aure ta bar mini mijina. Satin nan har lalle na sa.

Da Allah Ya karɓi ransa, gwangwanin ya dawo hannuna. Cikin takaba, ina kuka ina kishi a lokaci guda, na ɗora tukunya na kara ɗaya daga cikin rufaffun a tururi ta buɗe. Babu wasiƙa a ciki. Wani ɗan farin kwali ne kawai, ba rubutu ko ɗigo, sai ƙamshi. Na ce ashe ba so ba ne kawai, har da asiri, irin rubutun da ido ba ya gani.

Bayan na fita takaba Nasiru ya ce in zo Dubai a duba mini gwiwa in huta. Aikin kargo yake yi a Deira, yana tura wa 'yan kasuwarmu kaya gida. Na ce to, na sa gwangwani a ƙasan akwati. Gwiwa dai dalili ce.

Wata safiya bayan ya fita aiki, na kira Maryam na nuna mata bayan ambulan guda. Na yi mata ƙarya cewa wata tsohuwa ce da suka yi hulɗa da Malam, ya kamata a kai mata labarin rasuwa. Ta ce babu sunan unguwa, sai lambar akwatin gidan waya, don a nan ba a kai wasiƙa ƙofar gida, kowa akwati yake da shi, kuma gida ɗaya kan riƙe nasa tun daga kaka har jika. Ta danna lambar a wayarta, sai ga sunan wani kantin turare a wajen unguwar Naif. Kantin turare. Na ce a raina, an zo wurin.

Na ɗauko leshin da na sa ranar bikin autan, na sa 'yan kunnen gwal, na ja kwalli. Tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, tana dogara sanda, ta yi kwalliyar zuwa ganin wata tsohuwar. Nufina in tsufa ya cinye ta, ta ga ni bai gama da ni ba. Maryam ta dube ni ta ce, “Mama, ta'aziyya za mu ko biki?” Na ce ta kira mota kawai.

Kantin a wani lungu yake, cike da 'yan kasuwa mata daga Kano suna zaɓar turaren da za su yi kargo. Ina shiga ƙamshin nan ya buge ni, shi ne dai, na cikin gwangwani. Wani dattijon Balarabe mai farin gemu yana bayan kantar gilashi, ya tare ni da 'yar Hausar da ya tsinta a bakin masu saye, sannu Hajiya, lafiya lau. Na ce a raina, wannan ɗanta ne. Na dire gwangwani a kan gilashi, na ce wa Maryam ta gaya masa ya kira mini uwarsa.

Maryam ta ce in yi a hankali. Ina hankali? Abin da na tara shekara hamsin ya ɓalle. Na ce ta gaya masa ni ce matar mutumin da uwarsa ta yi ta aika wa turare a ambulan. Ta gaya masa ya rasu a hannuna, ba a hannunta ba. Ta gaya masa na ga farin kwalin, na san ko mene ne, kuma bai ci ni ba. Na manta sarai cewa duk matan da ke kantin suna jin Hausa. Ciniki ya tsaya cak. Wata mai jan mayafi ta matso ta ce in yarinyar tana jin nauyi, ita za ta fassara mini, ta iya Larabcin kasuwa.

Ban san abin da Maryam ta gaya masa ba (har yau ta ƙi faɗa mini), amma dattijon ya buɗe gwangwani, ya ɗauki ambulan guda da gefen yatsu, daidai yadda Malam yake yi. Fuskarsa ta sauya. Ya ce rubutun mahaifinsa ne. Uwarsa kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, kamar ni.

Ya hau sama ya sauko da wani ƙaton littafi. Yana buɗewa na gane hannun Malam, ko da ban iya karatu ba na san yadda yake jan layi. Ya yi wa Maryam bayani tana juya mini. Mahaifinsa mai turare ne, amma kan sarki ne abin sonsa. Shekarar da yaƙinmu ya ƙare ya rubuta wa gidajen waya da yawa yana roƙon a aiko masa da ambulan masu hatimin lokacin, Malam kaɗai ya amsa. Daga nan suka ɗora musaya. Rufaffun nan kuwa, duk ranar da aka fitar da sabon kan sarki sai a manna shi a ambulan, a buga hatimin ranar, a sa kwali a ciki don kada ta lanƙwashe a jirgi. Ba a buɗewa, buɗewar ce ke lalata ta. Ƙamshi kuma, ya ce in shinshina rasidin kantin ma in ji.

Da a nan abin ya tsaya da na gode Allah. Amma yana ta juya shafi sai ga ta. Ambulan ɗin Kudu, da tabonta, ya koma ruwan ƙasa amma yana nan ɗaram, ita kaɗai a shafi guda kamar amarya. Dattijon ya dube ta, ya dube ni, ya tambayi Maryam wani abu. Sai ya fashe da dariya har da riƙe gefen kantar, yana nuna ni yana cewa da Hausarsa, “Hajiya, ke? Ke?”

Ashe duk baƙon da ya zo gidansu sai mahaifinsu ya nuna masa ita. 'Ya'ya da jikoki sun san labarin matar Kano. A ƙasanta akwai 'yar takardar da Malam ya haɗo da ita, ya miƙa wa Maryam. Ta karanta a zuci, ta ce mini mu tafi gida. Na ce ta karanta, abin da ya rage ai kaɗan ne. Ta sunkuyar da kai ta juya mini da Hausa:

“Ka yi haƙuri da tabon. Hatimi na biyu ne, na gidanmu, matata ce ta buga shi. Ta ɗauka kai mace ne. Ban gyara mata ba tukuna, don tun da wasiƙunka suka fara zuwa ake ƙara mini nama a miya.”

Kantin ya kaure da dariya. Mai jan mayafin nan, tana share hawaye, ta ce, “Hajiya don Allah wace miya ce?” Ni kuma da bakina, saboda ruɗewa, na ce mata kuka. Na so ƙasa ta tsage. Don in nuna ni ma ina da gaskiya ko kaɗan, sai na faɗi cewa guda ɗaya tak na buɗe da tururi. Dattijon ya ɗora hannu a ka.

Da dariya ta lafa ya sa aka kawo mini kujera da gahawa da dabino. Ya tono ƙasan gwangwani ya fito da wasiƙar ƙarshe, ya ce wannan shi ya rubuta ta, yana saurayi, ya sanar da Malam cewa mahaifinsa ya rasu. Nan na tuna jan idon Malam a zaure. Amininsa ya mutu, mutumin da ba su taɓa ganin juna ba sai ta ambulan, ya yi makokinsa shi kaɗai a cikin gidansa, matarsa tana gefe tana ƙunshi. Na yi kuka a kantin nan har kwallin ya zubo mini a leshi. Babu wadda ta sake dariya.

Ya ce in ina so in ɗauki mai tabon. Na ce ya bar ta inda take, ta fi ni daɗewa a Dubai.

Abin da na koya, in tsohuwa tana koyon abu, shi ne tambaya ɗaya ta fi ludayin miya araha. Da na buɗe baki na ce “daga wa?” da ban yi shekara hamsin ina gaba da wani dattijo mai gemu ba. Amma shi ma Malam da laifinsa. “Tukuna” ya rubuta, tukunan nan ta kai shi har kabari. Wani lokaci in ce dariya yake mini, wani lokaci in ce daɗin kishin yake ji, kuma in na yi gaskiya, har yanzu ina jin haushin mutumin nan na Dubai, don ya san wani abu game da ni da mijina wanda ni ban sani ba.

Ranar da Malam zai rasu, bayan azahar ne. Ya ɗan ji sauƙi, ya sha kunu, ya ce in miƙo masa gwangwanin. Na miƙa ina tura baki, yadda na saba. Ya rungume shi a ƙirji, ya dube ni da murmushin nan da na ɗauka na wata ne, ya gyara kwanciya ya ce:

“Bari in ɗan runtsa. In na tashi ki tuna mini, akwai wata magana da zan gaya miki, za ki sha dariya.”